Gaisuwar Mai Rai a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. In na je bakin kanal jan ruwa a tambaye ni, in na zauna rumfar Idi mai shayi a tambaye ni, har wajen ɗaurin aure wani ya matso ya ce, "Malam Garba, wai da gaske ne allon Ado aka rataya manyan mutane suna kallo?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji a wurina, in ya yi gaba sai ya ƙara gishiri. Jiya na ji ana cewa wai a jirgin ruwa na tafi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, mai tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba, ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani. Ado yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi tun muna yara ba ya ga maciji da gona. In Baba ya tura mu korar tsuntsu, sai ka tarar da shi durƙushe yana zane a ƙasa da tsinke, tsuntsaye na ta shagalinsu. Da ya girma ya zama mai fenti. Allon injin casar shinkafa, na masu gyaran injin ban ruwa, na masu aski, bayan motocin da ke kai tumatir kudu, kusan duk hannunsa ne. Ado Fenti ake ce masa, kuma ba don girmamawa ake faɗa ba. An ɗauke shi mutumin da ya gudu daga fartanya.

Shekara biyu da suka wuce wata mata ta zo daga Kwatano, Madam Rozalin, mai ɗaukar hoto kuma mai shirya baje kolin zane-zane. Allon Yaya ta gani a bayan wata mota, ta bi sawu har garinmu. Ta yi kwanaki tana bin shaguna tana ɗaukar hoto, ta kuma nemi a ba ta tsofaffin alluna, Yaya ya yi wa masu su sababbi. Ɗaya daga ciki ma a gidana aka zaro shi, matata ta rufe akurkin kaji da shi. Da za ta tafi ta ce za a yi baje koli, za a buga littafi, kuma sai Yaya ya je da kansa.

Bayan 'yan watanni ya faɗi a shagonsa. Hawan jini ne. Ya tashi, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, maganarsa ta yi nauyi. Ni na sanar da Madam. Turancinta kaɗan ne, nawa ma na gona ne, ta kuma taɓa cewa akwai mai fassara mata Hausa, don haka na aika saƙon murya. Na ce mata Yaya ba zai samu zuwa ba, ɓarin jikinsa ya mutu, sai dai haƙuri. Washegari ta aiko da dogon saƙo da Faransanci, ina jin kuka a muryarta, sannan gajeren rubutu da Turanci cewa in lokaci ya yi ni in je a madadinsa. Na ce wa iyali, wannan mata akwai tausayi.

Da katin gayyata ya iso, da hoton wani zaki da Yaya ya zana a fuskarsa, na kai masa. Ya riƙe da hannun hagu ya daɗe yana kallo.

"Ka je ka gano mini, Garba," ya ce. "Ka duba ko sun rataye su daidai. Littafin nan kuma kada ka dawo ba shi."

Matarsa, Yaya Hajara, ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ta ɗura mini rabin ƙaramin buhu na shinkafarmu, wadda ta turara da hannunta, ta ce in kai wa Madam.

Daga Kano na shiga doguwar bas zuwa Legas. Wata Bayarabiya ce kusa da ni, Iya Basira, 'yar kasuwar tumatir, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Kafin mu wuce Zariya ta san sunan garinmu, ta san yawan 'ya'yana, ta kuma gaya mini tumatirinmu na bara ruwa ya yi masa yawa. Da ta ji inda za ni ba ta yarda ba, sai da na nuna mata katin. Ta kai shi kusa da ido.

"Ai na san zakin nan," ta ce. "Mai kama da wanda ya yi azumi. Yana bayan motar da ke kawo mini kaya. Ashe yayanka ne."

Daga nan ta ɗauke ni amana. Duk inda aka tsaya ita ke nuna mini inda zan ci abinci hankali kwance da inda zan yi salla. A Legas ma ba ta bar ni ba sai da ta sa ni a motar Seme, garin bakin iyaka, ta ja kunnen direba da yarensu.

A kan iyaka ne shinkafar Yaya Hajara ta tara mini jama'a. An duba fasfo, an duba katin riga-kafi, sannan wani jami'i ya sa na kwance buhu. Ya ɗebo ya murza, ya dube ni, ya tambaya daga ina na fito, ina kuma za ni. Na gaya masa. Sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin da bai taɓa gani ba. Wai shekara da shekaru yana wurin, kowa shinkafa yake neman shigowa da ita daga Kwatano, yau ga mutum zai kai musu. Wani ya ce ko dai an juyar mini da kai ne a mota. Suka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su. Na ce a gaya wa mutanen Kwatano su ci ta Kura su ji bambanci. Aka buga mini hatimi na wuce.

A ƙaramar motar da ta ɗauke mu daga iyaka na haɗu da Alhaji Mamman. Mutumin ƙasar Nijar ne, mai sayar da albasa, ya daɗe a Zangon Kwatano har Faransanci ya zauna masa a baki. Da ya ji sallamata ya ce, "Bakano ne wannan." Shi ya riƙa nuna mini gari. Na ga 'yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa, sun cika titi kamar fari. Na ga mata, har da masu jikoki, suna tuƙa babur da kaya a baya, ba mai ko waiwayarsu. Man fetur kuwa a cikin manyan kwalabe ake jera shi a bakin hanya, na ɗauka zuma ce. Alhaji ya raka ni har masaukin da Madam ta kama mini, na kuma roƙe shi ya zo wajen bikin washegari, don kada a sayar da ni ina tsaye.

Masaukin yana kusa da teku. Ɗakin ba makulli, wani kati ake gogawa. Da la'asar na fito da butata ina neman inda zan yi alwala, don ban yarda in yi a wannan ɗan banɗaki mai santsi ba, ƙofar ta rufe kanta, katin yana ciki. Haka na sauko ƙasa ba takalmi ba hula, da buta a hannu, ina yi wa matar da ke kan tebur bayani da hannu. Ta gane, ba ta yi dariya ba sai da na juya. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar ƙotar fartanya, taurinsa ma kusan haka, da wani baƙin ruwa mai ɗaci a ɗan kofi. Na tuna shayin Idi da kewa. Da rana sai Alhaji ya cece ni, ya kai ni Zango muka ci wani tuwon kamu mai tsami da soyayyen kifi da yaji. Wannan kam ba abin da zan ce, sai dai yajin nasu ba ya gargaɗi.

Madam Rozalin ta zo masaukin da kanta. Da ta gan ni ta kama hannuwana biyu, abin da ba mu saba ba, idonta ya cika da hawaye. Ta ce na yi kama da shi. Na ce ai kowa haka yake faɗa. Na ba ta shinkafar na ce daga matarsa ne, sai kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Na tsaya ina mamakin wannan zuciya tata.

Gidan baje kolin farin gini ne mai faɗi. Na shiga na ga allunan Yaya a bango, kowanne da fitilarsa, kowanne da fili a gefensa kamar mai sarauta. Ga na Idi mai shayi da baƙin hayaƙinsa ba a goge ba. Ga na mai gyaran injin ban ruwa, inda Yaya ya zana injin yana aman ruwa, shinkafa na murmushi. Ga na akurkinmu, har da tabon da kaji suka bari. Mutane sun yi ado, suna tsayawa gaban allo su goya hannu a baya, su yi shiru, su karkata kai. Ba mai taɓawa. A garinmu an jingina keke da waɗannan alluna, an shanya barkono a kansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba ko sun miƙe, kamar yadda aka aike ni. Sun miƙe.

A tsakiyar ɗakin akwai tebur, an ɗora hoton Yaya babba, da furanni, da kyandir a kunne. Na ɗauka haka suke girmama mai zane. Mutane suka riƙa zuwa suna gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, wasu su dafa ƙirji. Wani dattijo mai farin gemu ya rungume ni ya bubbuga bayana. Ni kuwa ina ta murmushi ina cewa na gode.

Littattafan suna kan wani tebur kusa da ƙofa. Madam ta miƙo mini ɗaya. Katalok suke ce masa, littafi ne mai kauri da takarda mai sheƙi, kowane allo da shafinsa, da bayanin inda aka same shi. Na ga sunan Kura a buge, na ga na Bunkure, na ga hoton hannun Yaya riƙe da buroshi. Na miƙa wa Alhaji Mamman don ya karanta mini abin da aka ce. Ya sa tabarau, ya buɗe shafin farko, ya fara karantawa. Sai ya cire tabaran ya kama hannuna.

"Haba Malam Garba. Tun jiya muna tare ba ka gaya mini rashi kuka yi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Wa?" na ce.

"Yayanka. Ga shi an rubuta marigayi."

Na zauna a kujerar da ke kusa. Abin da ya fara zo mini shi ne, ko wani abu ya faru bayan tahowata, su sun ji, an ɓoye mini. Hankali bai ba ni cewa littafin da aka buga tun kafin in bar gida ba zai san abin da ya faru jiya ba. Na laluɓo waya na kira Yaya Hajara. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Yaya, ina Yaya Ado?"

"Ga shi nan yana faɗa da ni a kan ɗanwake, wai mai ya yi kaɗan. Lafiya?"

Na ce ta kunna hoto ta ba shi. Fuskarsa ta fito, da hularsa a karkace, bakinsa da maiƙo. Na tashi na je wajen Madam, tana tsakiyar magana da baƙi, na sa mata wayar a gabanta.

Ta dubi wayar, ta dubi hoton da ke kan tebur, ta sake duban wayar. Yaya ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Madam, sannu." Sai ta sulale ta zauna a ƙasa da adonta, tana dariya tana kuka a haɗe. Alhaji ya yi wa jama'a bayani da Faransanci. Wurin da ɗazu ko tari ba a yi ya kaure da hayaniya. Dattijon nan mai gemu ya je ya hure kyandir ɗin da bakinsa. Aka riƙa karɓar wayar hannu zuwa hannu, kowa na gaida Yaya da yaren da bai sani ba, shi kuwa yana ta amsawa da "Lafiya lau, lafiya lau." Na zaga da shi ɗakin ya ga allunansa. Da muka iso na akurki ya ce in tsaya ya duba shi da kyau.

Mai fassarar ashe mai gadin gidan baje kolin ne, Bukari, mutumin arewacin ƙasarsu, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ji "ya mutu", ya ji "sai haƙuri", ya haɗa. Na same shi a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce shi ke nan, ya kashe mutum da bakinsa, aikinsa ma ya tafi. Na zauna kusa da shi na ce laifin nawa ne, da na ce shanyewar jiki da ba a kai nan ba. Na kuma ce a wurinmu in aka yi wa mutum ƙaryar mutuwa, cewa ake zai yi tsawon rai. Na roƙi Madam a gaban Alhaji kada ta taɓa shi. Ta ce ba ta da niyya, ita ma ai tana da waya, ba ta sake kira ta tambaya ba don tana jin nauyin masu makoki.

Saura littafi. An buga da yawa, kuma kowanne ya binne Yaya. Washegari muka je wajen wanda ya yi aikin, Baba Kojo, tsoho siriri mai baƙin yatsu, a wani shago mai warin tawada da manne. A nan na ga ashe littafin iri biyu ne. Ban da katalok ɗin, akwai wasu 'yan kaɗan da ya ɗinka da hannu, bangonsu na buhun shinkafa, a ciki kuma shafukan suna warwaruwa su yi tsawo kamar bayan mota. Ya ce wata uku ya yi a kansu, ya ba ni ɗaya in kai wa Yaya. Madam ta ce a yage shafin farko. Baba Kojo ya girgiza kai. Ta bakin Alhaji ya ce littafi in ya yi kuskure ba a yanka shi, takarda ake sa masa a ciki ta faɗi gaskiya, masu tara irin waɗannan littattafai ma sun fi son haka.

Muka kira Yaya ya faɗi abin da za a rubuta. Ya ce a sa, "Ban mutu ba, hannu ne ya ƙi." Baba Kojo yana da tsohon inji mai haruffan ƙarfe da ake jerawa ɗaya-ɗaya, ya bincika akwatinsa kaf bai sami harafin ƙa mai lanƙwasa ba. Na ce in aka sa ka ta Turawa wata magana ce daban. Muka yi ta juya zance har muka sami wanda ba lanƙwasa a ciki: "Ado Fenti yana nan da ransa a Kura, yana gaishe ku." Aka sa Faransanci da Turanci a ƙasa. Takardar 'yar ƙarama ce, ja. Mu biyar muka zauna, har da Bukari, muna zura ta cikin littattafan ɗaya bayan ɗaya har azahar ta gota. Madam ta sa an dafa shinkafar Yaya Hajara an kawo mana shagon. Baba Kojo ya ci ya ƙara, ya ce wannan tana da ƙanshin ƙasa.

Kafin in taho na roƙi Alhaji Mamman ya fassara mini dogon bayanin da aka rubuta a kan Yaya, na ɗauka a waya. Ya raka ni tasha da ƙullin albasa, ba yadda ban yi ba ya ƙi karɓar kuɗi. A iyaka na tarar da jami'in nan, ya gane ni, ya ce yau me na ɗauko. Na buɗe masa littafin, ya duba shafi uku ya ce in wuce.

Na iso gida da hantsi, ban ko sauke jaka ba na wuce wajen Yaya. Yana zaune a zaure kan tabarma. Na ɗora masa littattafan biyu a cinya. Ya shafa bangon buhun, ya ga jar takardar ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ni ke buɗe masa shafi, shi yana dubawa. Bai yabi ko ɗaya ba. Ya ce ƙafar zakaran nan ta yi tsawo, ya ce shuɗin nan ba nasa ba ne, inji ya ƙara masa. Maƙwabta suka fara cika zauren, har da waɗanda a da ke cewa ya gudu daga fartanya. Idi ya ga allonsa ya ce a ba shi ya nuna wa matarsa.

Sannan na kunna muryar Alhaji. Aka yi tsit. Bayanin ya ce Ado ya zana rayuwar manoman rani yadda ba wanda ya zana ta, ya ce ya ba injin ban ruwa fuska, ya sa mutanen da ba a ɗaukar hotonsu sun ga kansu a bakin titi, ya ce da rashinsa an yi rashin ido. Yaya Hajara tana bayan ƙofa tana share hawaye da bakin mayafi.

Da ya ƙare Yaya ya dube ni.

"Garba," ya ce, "da sun san ina da rai, da ba su faɗi wannan duka ba."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya gyara zama, ya jawo littafin jikinsa da hannun hagu.

"Mayar da shi farko," ya ce. "Ban ji wajen injin nan da kyau ba."